Goran Arzika

Daren fashin ruwa ba a barci a Argungu.
Kalangu na can bakin kasuwa, janareto na tari,
ni kuwa ina zaure da allura da igiyar kaba,
ina ɗinke tsagar goran Baba
a hasken wayar ƙanwata Kuluwa.

Sau talatin da ɗaya ya shiga Matan Fada da goran nan.
Ko sau ɗaya ba a kira Arzika gaban manya ba,
balle babur, balle buhun shinkafa.
Bana yana ta rufe masa ido ruf,
gwiwa ma ta ce ta sallami ruwa.

"Kai Nomau, ɗunkin ga naka na tela ne.
Matsa shi! Gora ba rigar Salla ba ne."
Ya laluba ya karɓe,
ya ja igiyar da haƙoransa huɗu da suka rage,
ya shafe bakin tsagar da danƙo,
ya buga da tafi, ya kasa kunne.
Goran ya amsa masa kuwa.

Da hantsi muka jeru a gaɓa,
kai bisa kai, kamar an zazzage buhun gero,
homa bibbiyu a sama, fukafukan shamuwa dubu.
Na Gulma, na Augie, da waɗanda suka kwana a hanya daga Kamba.
Sarkin Ruwa ya zaga cikin jirginsa,
an ce ya roƙi kadoji su ba baƙi wuri.
Kuluwa ta zaunar da Baba gindin giginya,
yau ita ce idonsa, shi kuma kunnuwa.

Bindiga ta tashi.

Ban yi gudu ba, gudun ne ya ɗauke ni.
Laka har ƙugu, gwiwar wani a haƙarƙarina,
ruwan da na sha ya ishi alwalar liman da ladan.
Na kifa ciki kan gora yadda ya koya mini ina ɗan bakwai,
na nutsa homa, na haɗe bakinsu.
Nauyi!
Zuciya ta ce: Nomau, giwan ruwa!
Na ɗaga da ƙarfin da ban san ina da shi ba:
takalmin roba, ƙafar hagu,
da ciyawa.

Can sama ihu ya ɓarke.
Tunau na Gulma ne, mutum huɗu ke tallafe da kifinsa,
baki buɗe, yaro zai iya sa kai ciki.
Maroƙa sun riga shi isa sikeli.
Ni na fito da tarwaɗa guda,
tafin hannu da rabi, in an yi mata alfarma,
tana ta zagaye cikin gora ita kaɗai
kamar baƙuwa.

"Mi ka samo?"
Na yi shiru. Kuluwa ta danne dariya da mayafi.
Ya zura hannu har gwiwa cikin goran,
ƙaya ta soke shi a babban yatsa.
Ya tsotse jinin, ya yi ta dariya har da tari:
"Na san gidansu! Kakatta ta kuɓuce min
shekarar da ruwa ya ci gadar Gulma.
Halinsu guda, 'yan banza, ba su da kunya."

Da magariba Inna Ige ta jefa ta tukunya
da daddawa da tattasai da yakuwa,
ta raba ta bakwai, ban san ta yaya ba.
Kan na Baba.
Ya tsotse shi ƙashi-ƙashi, bai yi magana ba,
sannan ya ce in miƙo rigar da na shiga da ita.
Ya daɗe da ita a hanci.
Ba wanda ya tambaye shi komai.

Gobe zan koma Birnin Kebbi, kan keken ɗinki,
akwai kaftani tara da ke jirana.
Takalmin yana bisa katanga, ko mai shi zai biyo.
Na tashi rataye gora, ya ce, "Ba nan ba, rana na taɓa shi.
Kuma baɗi kada ka bi taro.
Ka tsaya hagun giginyar ga, taki ashirin,
nan ramin yake.
Ni ma sai da na shekara goma kafin in gane."